Fata Sittin a Littafin Sabo

Ranar Asabar da hantsi aka ƙirga fatun da ke cikin siton Alhaji Mailafiya na Jakara, aka tarar babu guda sittin. Aka sake ƙirgawa, aka kuma sakewa, har Alhaji da kansa ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Fata dai ba ta ƙaru ba. Jemammiyar fatar akuya ɗari uku ya kamata a gani, wadda wani kamfani a unguwar Waje ke jira ranar Litinin a ɗora a jirgin ƙasa. Ɗari biyu da arba'in ne a ƙasa.

Ba a fasa bango ba, ba a taɓa kwaɗo ba. Sai aka ce a ɗauko littafi. Sabo akawu, saurayin da Alhaji ya ɗauka bara bayan ya gama makarantar Midil, ya buɗe ya karanta: an ba Nata'ala majemi ɗanyar fata ɗari uku, ya dawo da ɗari biyu da arba'in. Shi ke nan. Alhaji bai ko sha ruwa ba ya nufi kasuwar Kurmi, ya ci karo da Nata'ala a layin dukawa, ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a har sau uku. Mutanen kasuwa kuwa, Allah ya hore musu saurin yanke hukunci. Kafin rana ta take, har an samu waɗanda suka tuna cewa dama tun tuni idon Nata'ala bai yi musu ba.

A nan aka aika Ƙofar Nassarawa a kirawo Ilu.

Ilu dogo ne siriri, ya ba hamsin baya. A ƙauyukan kudu ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata, kafin ya shigo birni. Ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma ko gaisawa kuke yi idonsa na kan ƙafarka. Boko kam ko harafi ɗaya bai sani ba.

Ya tarar da Alhaji yana kai da komo a zaure, carbi na kaɗawa a hannu ba tare da ana jan sa ba.

"Ilu, ba ɓarawo na kira ka ka nemo mini ba, na san ɓarawona. Inda ya ɓoye kayan nake so ka gano. Da an idar da la'asar zan kai shi gaban alƙali. Aikin jimata kuma gaba ɗaya na karɓe daga hannunsa, wasu zan ba."

"Ranka ya daɗe, wa ya gan shi?"

"Littafi ya nuna."

"To shi littafin, wa ya gaya masa?"

Alhaji ya yi tsaki. "Kai dai je ka yi aikin ƙasa, ka bar na takarda ga masu shi."

*

Jibrin ne ya raka shi lungun baya. Ƙanin Alhaji ne uwa ɗaya uba ɗaya, a hannunsa ya tashi tun rasuwar mahaifinsu, kuma shi ke riƙe da makullin sito. Mutum ne mai fara'a, har da miƙa wa Ilu goro.

Ranar Laraba an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin Jakara ya tumbatsa ya malalo cikin lunguna, ya bar laka shimfiɗe sumul. Tun daga ranar ba a sake ɗigo ba. Ilu ya ji daɗin haka, don duk wanda ya taka lungun cikin kwana ukun nan ya bar kansa a wurin. Ya duƙa yana tafiya a gefe-gefe. Ga jaki ya shigo da kaya sau ɗaya, ya fita wayam. Ga sawun keken gidan, mai faci a tayar baya, ya fita ya dawo. A layi ɗaya akwai sawun takalmi a gefen tayar, Ilu ya ce a ransa ƙila iska ce ta sace aka tura shi wurin mai faci. Ya tsallake shi kamar yadda ake tsallake sawun kajin gida.

"Malam Ilu, dubi nan," in ji Jibrin.

Sawun ƙafa ne ba takalmi, ƙaramin yatsan hagu babu. Ya je har gindin katangar sito, ga kuma inda ya kankare ƙasa ya hau.

Ilu ya miƙe da sauri. "Wa ke da yatsa tara a cikin masu zuwa nan?"

Jibrin ya yi jim, kamar ba ya so ya faɗa. "Ado mai jaki. Shi ke ɗauko kaya daga majema. Ni dai ban ce komai ba."

*

A bakin kasuwa ya samu Ado yana ɗaure wa jakinsa akumari. Da Ado ya ga wanda ke tahowa, sai ya saki igiya, ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Tsaya tukuna, ka adana rantsuwarka," in ji Ilu. "Me ka hau yi a katangar Alhaji?"

"Ganye, wallahi ganye! Ceɗiyar nan da ta leƙo ta kan katanga. Jakin nan ya wuni bai ci komai ba."

Ilu ya tuna ya ga ɓantararrun rassa a gindin katangar, kuma sawun ya sauko ta inda ya hau, ba nauyin komai a kansa. Haushi ya kama shi, na kansa ba na Ado ba. Ya ɓata rabin sa'a a kan abincin jaki.

"Sau nawa ka kai kaya?"

"Sau biyar cikin mako biyu. Kullum ƙunshi shida, na goma-goma."

"Ka taɓa kwancewa a hanya?"

"In kwance in yi me da ita? Ƙullin majema ne, in na kwance ba zan iya mayarwa ba. Malam Jibrin ke yankewa da wuƙa in na isa."

"Na ƙarshe yaushe ka kai?"

"Alhamis. Laraba aka shirya, amma ranar ko raƙumi ba zai haye Jakara ba. Gida na wuni, ni da jakin muna kallon juna."

Ilu ya juya ya tafi ba sallama. Aka kira azahar yana hanya. Ya yi sallarsa a wani masallacin bakin lungu, ya fito kafin a gama addu'a.

*

Majema ba sai an nuna maka hanya ba, hanci zai kai ka. Ilu ya tarar da ramukan jima cike da ruwan bagaruwa, ba kowa a kansu. 'Ya'yan Nata'ala da ma'aikatansa sun jeru a inuwa sun yi tagumi. Shi kuwa Nata'ala, tsoho gajere mai hannuwa jajaye har gwiwar hannu, yana tsaye yana kankare wata fatar da ta riga ta kankaru.

"Sun aiko ka ka bincika ɗakina ko? Shiga. Har ƙarƙashin gadon iyalina ka leƙa."

"Ban zo leƙen gado ba, Baba. Nawa ka aika?"

"Ɗari uku."

"Wa zai shaide ka?"

Nata'ala ya kwanto wata siririyar igiyar fata daga ƙugunsa ya miƙa masa. "Duk ƙunshin goma da na ɗora wa jaki, ƙulli ɗaya. Haka ubana ya yi da uban Alhaji, haka na yi da shi shekara talatin da ɗaya. Ƙirga."

Talatin ne cif. Amma Ilu ya san abin da za a ce, wai yau da safe ya zauna ya ƙulla abinsa. Sai ya bi ƙullin da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Shidan farko sun bushe sun yi baƙi, sun kame kamar tsakuwa. Na tsakiya akwai mai jan rinin karan dafi, akwai mai toka, wani a matse, wani sako-sako kamar an yi shi ana sauri. Shidan ƙarshe har yanzu da sauran laushi. Wannan igiya ba a zama ɗaya aka ƙulla ta ba.

"Ilu," in ji tsohon, muryarsa ta sauka, "in ya karɓe aikinsa, Allah na nan, duk da ban san me zan gaya wa mutum ashirin da ke ci a ramukan nan ba. Amma ka san abin da ya faru yanzu a masallaci? Na zo zan ajiye takalmina, sai wanda ke kusa da ni ya janye nasa ya sa a hammata. Yaron da aka raɗa wa suna a gabana."

Ilu ya kawar da kai. Tausayi ya kama shi, shi kuwa ba ya son tausayi yana cikin aiki. Ya ce a ba shi aron igiyar, ya kuma ce wa tsohon ya same shi zauren Alhaji kafin la'asar.

*

Ofishin Sabo ɗan ɗaki ne a gaban gida, nesa da sito, da tebur da kujera da ƙamshin turare. Sabo na zaune cikin farin kaya ƙal. Da Ilu ya shigo da warin majema a jikinsa, sai saurayin ya zaro hankici ya kai hanci, wai shi yana share gumi.

"Karanta mini kayan Nata'ala, rana-rana."

Sabo ya gyara murya. "Litinin, hamsin. Alhamis, arba'in da shida. Asabar, arba'in da takwas. Litinin, arba'in da tara. Laraba, arba'in da bakwai."

"Laraba ka ce?"

"Ga shi a rubuce."

"Ba ni in gani."

Sabo ya yi murmushi irin na ɗan boko, ya miƙa. "A juye ka riƙe, Malam."

Ilu bai kula ba. Ya fita da littafin bakin ƙofa, ya karkata shi ga hasken rana. Kyau kam ba a magana, layi biyar a jere kamar an auna da zare, ba gogewa, ba ɗigo. Abin da ya dame shi ke nan. Bai taɓa bin sawun mai rai ya ga taku ya daidaita haka ba. Ya dubi alƙalamin ƙarfen da ke kan tebur da kwalbar tawadar da ake tsoma shi, ya tuna allonsa na ƙuruciya. Ya sake duban takardar, ya bi layin farko da farce har ya gangara na biyu.

In littafin ne ke ƙarya, to fatun sun shigo sito aka fitar da su; a take ya tuna sawun da ya tsallake ɗazu. Ya rufe littafin ya sa a hammata, ya koma lungun baya kusan da gudu, Sabo na kiransa.

*

Inuwa ta fara tsawo sa'ad da suka taru a zaure. Alhaji ya kasa zama. Jibrin na gefensa da makullai a hannu, Sabo na tsaye jikin bango, Ado ya rakuɓe bakin ƙofa. Nata'ala ya ƙi tabarma, ya tsuguna a ƙasa.

"Ina fatuna?" in ji Alhaji.

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe. Shaidu biyu gare mu, igiya da littafi, kuma ɗaya na ƙarya. Ka ba littafi gaskiya don ya fi kyau. Ni kuma so nake mu ga yadda aka haifi kowanne. Malam Sabo, ɗauko alƙalaminka. Tsoma sau ɗaya, ka yi ta rubutu har ya ƙi."

Sabo ya dubi Alhaji, Alhaji ya ɗaga masa kai. Ya rubuta a wata 'yar takarda. Harafin farko ya fito baƙi ƙirin, na gaba suka yi ta dusashewa, layi ɗaya da rabi tawada ta ƙare.

"Madalla. Yanzu Alhaji dubi littafinka, ba sai ka iya boko ba. Nan ya tsoma, ga baƙin. Malam Sabo, layin wace rana ce?"

"Litinin."

"Tana raguwa, tana raguwa, layi ya ƙare. Na ƙasa fa?"

"Alhamis."

"To ga shi ya fara a dusashe, daidai inda na sama ya tsaya. Bai sake tsomawa ba sai tsakiyar layi. Haka abin ya bi har ƙasa. Ni dai ban san alƙalamin da ke riƙe ɗanyar tawada daga Litinin zuwa Alhamis ba. Kayan mako biyu ne, amma a zama ɗaya aka rubuta su."

Alhaji ya karɓi littafin ya kai kusa da ido, ya daɗe yana bin layin da yatsa.

"Sabo. Yaushe ka rubuta wannan?"

Gumi ya keto wa saurayin, wannan karon na gaske. "Jiya, ranka ya daɗe. Bayan an sauko daga Juma'a."

"Ba na ce duk ranar da kaya suka zo ka tsaya a ƙofa ka ƙirga da hannunka ba?"

"Warin ne, Alhaji. Wallahi amai yake sa ni. Sau ɗaya na gwada."

"To daga ina ka samo lissafin?"

Sabo ya sunkuyar da kai. "Malam Jibrin ke faɗa mini, ni kuma in rubuta."

Jibrin ya yi dariya, makullai suka yi ƙara a hannunsa. "To sai me? Abin da aka kawo na faɗa masa. Taimakonsa na yi."

"Har da na Laraba?" in ji Ilu. "Ado, ka zo ranar Laraba?"

"Ni? Sai dai in a kwalekwale."

"Mantuwa ce ta rana, Yaya, kowa na yi," in ji Jibrin.

"Gaskiya ne," in ji Ilu. "Amma wanda ya manta rana, ta yaya ya riƙe arba'in da shida da arba'in da tara a ka? Ku taso mu je baya. Akwai abin da na tsallake ɗazu, kuma na ji kunyar kaina."

Suka fita lungu. Ilu ya hana kowa taka tsakiya.

"Ga keken gida, ga facinsa. Ya bi ta kan sawun jaki, wato bayan kayan Alhamis ne. Da fita ba hawa aka yi ba, turawa aka yi, ga takalmin mai shi a gefe, tayar baya kuma ta nutse. Na ɗauka faci ne. To ku dubi bango." Ya nuna inda lungun ya matse. A ɓangarorin biyu, daidai ƙugun mutum, akwai jan shafe a jikin ƙasa. "Abin da aka ɗaura a baya ya fi lungun faɗi, kuma ja ne irin na jemammiyar fata. Da dawowa kuwa a kai aka dawo, ba kaya. Malam Jibrin, sa ƙafarka a nan mu gani."

Jibrin bai sa ba. Ya dubi sawun, ya dubi takalminsa, ya jingina da bango.

"Suna wurin wani baduku a bayan Kurmi," ya ce a hankali. "Bai yanka ba tukuna. Yaya, shekara goma sha biyu ina riƙe maka makulli. Ko rumfa ba ni da ita. Na ce in samu abin da zan fara nawa."

"Sai ka ɗora wa tsohon nan?"

"Na zaci faɗa kawai za ka yi masa ka bari."

Alhaji ya dubi ƙaninsa. Wannan yaron shi ya goya shi ranar da aka binne ubansu. Ya miƙa hannu, Jibrin ya zuba masa makullan. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi cikin laka, ba wanda ya duƙa ya ɗauka.

*

Da suka koma zaure ana kiran la'asar. Alhaji ya aiki Ado da jaki a ɗauko kayan. Ya ce wa Sabo daga Litinin teburinsa a ƙofar baya zai zauna, in amai ne ya yi ta yi, in ba zai iya ba ga hanya. Sannan ya juya ga Nata'ala, ya rage murya.

"Baba Nata'ala, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah. Aikinka na nan, har ma zan ƙara maka."

Nata'ala ya karɓi igiyarsa daga hannun Ilu, ya ɗaura a ƙugu, bai yi sauri ba.

"Alhaji, ba a zaure ka kira ni ɓarawo ba."

Alhaji ya dubi tsohon. Ilu ya ga ya gane abin da ake nema a wurinsa. In ya je layin dukawa ya ce Nata'ala bai ɗauka ba, tambayar farko da za a yi masa ita ce, to wa ya ɗauka? Kuma ba shi da amsa sai sunan ɗan uwansa. Ya dubi ƙofar cikin gida inda Jibrin ya shige, ya daɗe yana kallo.

Sai ya jawo takalminsa.

"Mu yi salla a masallacin kasuwa," ya ce. "Yanzu ne kowa ke nan."

Ilu bai bi su ba, aikinsa ya ƙare. Ya tsaya a ƙofar zaure har suka sha kwana, sannan idonsa ya koma ƙasa kamar kullum. Sawu biyu ne suka nufi Kurmi. Na tsohon a miƙe yake, taku manya-manya. Na Alhaji ya tsaya sau ɗaya a bakin lungu, dunduniya ta ɗan juya wajen gida. Daga nan ya ci gaba.